Takalmin Aubrey

Ottersley ba ta kai gida arba'in ba,
ko da an haɗa da na limamin coci
da shagon Madam Tibbet,
inda ake sayar da kan sarki da alewa da zare,
inda katin gaisuwarka ke shan karatu
kafin ya iso hannunka.

Ruwan can ba ya zuba kamar da bakin ƙwarya,
yayyafi yake yi, kwana da kwanaki,
kamar mitar tsohuwa.
Safa ba ta bushewa.
Mama kan jera su a gaban murhun kwal,
gida ya cika da warin ulu da na dafaffen kabeji.

Baba mai jinka ne.
Da sassafe yakan hau tsani da dami a kafaɗa,
ni kuma in tsaya a ƙasa riƙe da butar shayinsa,
ina kallon tafin takalminsa
da hankakin da ke jiran ya sauko.
Tafin hannunsa ya fi ɓawon itace kaushi,
amma da shi yake ɓare mini tuffa
zare ɗaya, ba ya tsinkewa.

Ran Alhamis kaɗai bas ke zuwa.
Ran Lahadi tsoho Garrick ke jan igiyar ƙararrawa,
kurma ne, bai taɓa jin aikinsa ba,
mu muke ji, har cikin haƙora.

Shekarar da na cika tara
Mama ta juye gwangwanin da take ɓoyo bayan fulawa,
sule goma sha ɗaya da sisi,
ta sayo wa ƙanena Aubrey takalmin roba ja.
Da shi ya kwana daren farko.

Kwana na uku muka sauka tafkin bayan makabarta
wai za mu ga ko ƙanƙara ta kama.
Ba ta kama ba.
Ni na ce ya taka. Ni ce.
Taɓo ya haɗiye shi har gwiwa,
agwagi suka watse suna mana dariya,
na kama kwalarsa na ja, na ja,
ya fito da ƙafa ɗaya ja,
ɗayar kuwa safa ce kawai, tana ɗiga.

Na goya shi har gida.
Bai faɗa ba. Ko da Baba ya tambaya,
sai ya ce shi ne ya bi agwagwa.

Mama ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.
Ta ɗauki warin da ya rage,
ta zuba masa ƙasa, ta dasa albasa,
ta ajiye a taga, inda kowa zai gani.
Aubrey ya ƙarasa sanyin nan da tsohon takalmina,
an cusa masa jarida a baki.

Duk shekara, in ciyawa ta fara tofo,
mukan koma da sanda mu tsokani taɓon.
Mun tono kwalba, mun tono ƙashin tunkiya,
da cokalin wani da ba mu sani ba.

Yau shekara sittin da ɗoriya.
Shagon Madam Tibbet ya zama gidan baƙi 'yan hutu,
ƙararrawa na bugawa ba mai ja,
rufin da Baba ya jinke ƙarshe
wani ya sake shi, bai iya tukke ba.
Aubrey na kwance a wani birni mai nisa
da ba shi da tafki, tun watan jiya.

Tafkin ya tsuke, ko ni ce na girma.
Wata yarinya da karenta suka tsaya
suna kallon tsohuwa a bakin taɓo
tana caka sandar dogarawarta.
Ta ce, me ya faɗa miki?
Na ce, na ƙanena ne.
Ta karyo reshe, ta zo ta tsaya kusa da ni.